Likkafanin da Ba a Ƙulle Ba

Ruwa ne ya dawo mana da Eilert Brekke, ran Talata da hantsi, ya ajiye shi a gindin duwatsun da mata ke shanya koma. Malena mai gyaran kifi ce ta fara ganinsa. Da fari ta zaci tunkiya ce ta faɗo daga kan tsauni, don wani abu fari ta hango yana lilo a bakin ruwa. Sai da ta matsa ta ga ƙafa, ƙafar mutum ba takalmi, ta yi shuɗi kamar an rina ta.

Kafin a jima duk Skarvik ta hallara. Maza suka jawo shi kan tsakuwa. An sa shi ne cikin farin lilin da aka ɗinke kamar buhu, amma ɗinkin gefe ya warware tun daga kai har ƙasa, sai na wajen ƙafafu ne kaɗai ya rage, da 'yan duwatsu a ciki. Sauran duwatsun sun zube a ƙarƙashin teku, shi ya sa ya taso. Ƙeyarsa ta lotsa kamar ƙwan da aka taka, kifaye kuma sun fara taɓa leɓɓansa. Mutumin da duk garin ke kauce wa hanya in ya sha, ga shi nan kwance ƙaguwa na yawo a gemunsa.

A daidai ƙirjinsa, soke a jikin lilin ɗin, akwai allura. Gajeriya ce, miƙaƙƙiya, kafarta a wajen tsini.

"Allurar keke ce," in ji Malena.

Ba wanda ya ambaci suna, amma duk kawuna suka juya wajen masaukin baƙi.

*

Anselm mutumin Suwidin ne. Ya zo mana da bazara da akwati a bayansa, yana tallar ƙananan kekunan ɗinki, irin waɗanda ake ɗaurewa a bakin tebur a riƙa juyawa da hannun dama, hagu na tura yadi. Yana da murya mai taushi da yatsu irin na masu kaɗa garaya, kuma mata suna dariya in yana koya musu. Wannan kaɗai ya isa mazan garinmu su tsane shi. Gunvor, matar Eilert, 'yar birnin Bergen da aure ya kawo ta cikinmu, ta ba da azurfar aurenta ta karɓi keke ɗaya. Eilert ya rama abin sau biyu. Ya tare Anselm a matsayar jirage ya fasa masa baki, ya kuma koma gida ya karya wa Gunvor hannun dama da filafili, tana da tsohon ciki. Ranar da aka fasa masa baki, Anselm ya tofar da jini a gaban kowa ya ce wata rana sai wani ya fasa wa Eilert kai.

Osmund, ƙanen Eilert, autan tsohuwa Brita, bai manta wannan magana ba. Shi ya ja maza zuwa masauki. Suka fito da Anselm ta gashi, suka ja shi a kan duwatsu har bakin ruwa. Wani ya buga masa ƙotar gatari a haƙarƙari, muka ji ƙarar kamar an karya busasshen reshe. Osmund ya taka masa hannu da takalmi mai ƙusa, ya danna kansa cikin ruwa, ya ɗago, ya sake dannawa. Mata suna kuka, amma ba wadda ta matsa.

Torjus Haugen ne ya raba su, kuma bai ɗaga murya ba. Torjus maharbin beyar ne, dogo, siriri, farcen wata tsohuwar beyar ya bar masa tabo daga kunne zuwa wuya. In saniya ta ɓata a tsauni ko yaro ya bi hazo, shi ake kira, don yana karanta ƙasa kamar yadda fasto ke karanta littafi. Ya zo ya ɗora bakin bindigarsa a kafaɗar Osmund, a hankali, kamar mai gaisuwa. Ya ce ɗan sandan gunduma zai iso a jirgin tururi na ƙarshen mako, kafin nan ba mai kashe kowa.

"Kai da karenka ku koma daji, tsoho," in ji Osmund. "Nan maganar mutane ake yi."

"Daji na fito, ɗan Brita. Can ma ban ga an yi wa dabba haka ba."

Aka kulle Anselm a rumfar kwale-kwale. Amma Osmund ya rantse a gaban gawar yayansa cewa jirgin gwamnati ba zai riski baƙon da rai ba. Jibi za a binne Eilert, kuma da an dawo daga maƙabarta za a sa ɗan Suwidin cikin lilin ɗin nan a mayar wa teku abin da ta amayar. Maza da yawa suka gyaɗa kai.

*

Torjus ya tsuguna kan lilin ɗin bayan kowa ya watse. Saƙar hannu ce, ta gida, mai kyau ƙwarai, ta yi ɗan ja-ja a wuraren ninki kamar abin da ya daɗe a akwati. Inda ɗinki ya warware, ƙananan huji ne jere reras, aikin da hannun mutum ba ya yi. Ɗinkin da ya rage a wajen ƙafafu ya juya shi ya duba bayansa: zare ɗaya ne yana shiga cikin kansa kamar sarƙa. Bakin zaren yana reto haka nan. Ya daɗe yana kallonsa, bai taɓa ba. Ya ninke lilin ɗin ya sa a jakarsa.

Kekuna uku ne a Skarvik a lokacin. Ya fara da na matar fasto, wadda ta karɓe shi a ɗakin girki don kada takalmansa su ɓata mata daɓe. Nata babba ne, mai ƙoshiya, zare biyu yake ɗinki da su, sama da ƙasa, ko da wuƙa sai an sha wuya a farke. Ba shi ba ne. Amma ba ta bar shi ya tafi hannu wofi ba. Ta sassauta murya ta ce ita ba ta son gulma, sai dai duk mai ido ya ga yadda ɗan Suwidin ke kallon Gunvor, kuma ran Lahadi da aka tsallaka ruwa zuwa coci, ba shi ba Gunvor a cikin jirage. Torjus ya tambaye ta wa kuma bai je ba. Ta ce Eilert, mana, yaushe rabonsa da coci, sai tsohuwa Brita, uwarsa, wadda sanyin ƙashi ya hana ta zaman jirgi.

*

Gidan Brekke yana can sama, a kan gangare, shi kaɗai. Daga bayansa akwai wata siririyar hanya da ke ratsa fadama ta ƙare a Dutsen Hankaka, inda ƙasa ta yanke tsaye ruwa yana ƙasa baƙi ƙirin. Torjus ya san yadda igiyar ruwa ke tafiya a mashigin tekunmu. Abin da ya fito a wurin shanya koma, daga Dutsen Hankaka ya taso.

Can ya samu abin da yake nema. Layi biyu a cikin laka, na katakon da doki ke jan ciyawa a kai, sun nutse sosai a zuwa, sun yi sama-sama a komawa. Kofaton ƙaramin doki. A gefe kuma sawun manyan takalman namiji, irin na masunta. Ya auna su da tafin hannunsa, ya miƙe ya bi su da ido, sai ya murtuke fuska. Takalman manya ne, amma takun gajere, duga-dugan suna ja a ƙasa kamar na yaron da ya sa takalmin ubansa.

A bakin dutsen, jikin wata ƙaya, ya ga zare fari ya maƙale. Dogo ne, ya sauka yana kaɗawa a iska har kusa da ruwa, kuma a lanƙwashe yake ƙanana-ƙanana kamar gashin ɗan rago. Ƙayar ce ta kama bakin zaren lokacin da aka tura gawar, nauyin ya ja, ɗinkin ya bi ya warware. Torjus ya naɗe shi a yatsa. Da ya sunkuya zai tashi, ya ga wasu ramuka biyu a cikin gansakuka, zagaye, kusa da juna, daf da bakin dutse. Wani ya durƙusa a nan, kuma ya daɗe a durƙushe.

Ya cire hularsa. Karensa ya zo ya zauna kusa da shi, su biyu suna kallon ruwa.

*

Anselm yana kwance a kan tsofaffin igiyoyi, ido ɗaya ya rufe, numfashi yana fita da ƙyar. Torjus ya kawo masa busasshen kifi da madara mai tsami, ya kuma kawo keken da yake talla da shi. Tun kafin a tambaye shi Anselm ya ce shi ne. Shi ya kashe Eilert, shi kaɗai, ba wanda ya taya shi, a gaya wa Osmund haka a huta.

Torjus ya cika lofensa da taba ya tambaye shi daga ina ya jefa gawar. Ya ce daga kwale-kwale, a tsakiyar ruwa. Da me ya buge shi? Ya yi jim, ya ce da dutse.

"To, madalla," in ji Torjus. "Rigarka ta yage har cibiya. Ɗinke ta, kada a ce mun kashe baƙo tsirara."

Ya ɗaure masa keken a bakin benci. Anselm ya dube shi kamar mahaukaci, amma ya ja jiki ya zauna. Da yatsun da suka kumbura suka yi baƙi ya juya mariƙin, keken ya yi ta ƙyas-ƙyas ɗinsa. Da ya kai ƙarshe, ba tare da ya ko duba ba, ya zaro bakin zaren ta cikin madaukin ƙarshe, ya ja, ya ƙulla, ya sake ƙullawa. Zafi ya sa hawaye suka zubo masa, amma sai da ya ƙulla.

Torjus ya tambaye shi dalili. Anselm ya ce ai wannan shi ne abu na farko da yake koya wa kowace mace: ɗinkin sarƙa in ba a ƙulle bakinsa ba, ƙaramin yaro ma ya ja zai warware gaba ɗaya. Ya ce har waƙa matan garin suka mayar da maganar don yawan faɗarta da yake yi.

"Ka iya ɗinki, ɗan Suwidin, amma ba ka iya ƙarya ba. Wa kake rufa wa asiri?"

Anselm ya juya fuska bango. Ya ce, "Tana da ciki, Baba Torjus. Ni ba ni da kowa. Ka bar su su ɗauke ni."

Ban san wani abu da ya fi wannan kyau da ban tausayi ba a duniya: mutum ya miƙa wuyansa saboda macen da ko hannunta bai taɓa riƙewa ba. Amma Torjus ba mutumin hawaye ba ne. Ya kwance keken ya ce masa ya ci kifinsa.

*

Washegari, a gidan Brekke, an shimfiɗe Eilert a kan dogon tebur, an rufe fuskarsa. Mata suna zaune a gefe suna ɗinka masa sabon likkafani da hannu. Torjus yana shiga ya tarar Malena ta buge hannun wata amarya da ta kai ƙarshen zarenta tana shirin ƙullawa.

"Ke, uwarki ba ta koya miki komai ba? Likkafani ne. So kike ƙaho ya busa ran tashin matattu kowa ya miƙe, shi yana nan yana fama da ƙullinki?"

Amaryar ta ba da haƙuri, ta bar bakin zaren yana reto. Torjus ya tsaya a ƙofa kamar wanda aka kira sunansa daga nesa. Sannan ya sunkuya ya shiga.

Gunvor tana ɗakin ciki. Hannunta na dama a ɗaure tsakanin katakai biyu, gefen fuskarta ya yi kore da shuɗi, sabon duka a kan tsoho. Ta ba shi labari idonta a ƙasa. Ran Lahadi da rana, gari ba kowa, Eilert ya shigo a buge ya tarar da ita tana shafa 'yan rigunan jariri da ta ɗinka kafin ya karya mata hannu. Ya ce cikin ma ba nasa ba ne. Ya buga kanta da bango, ta faɗi, ya fara shurin cikinta. Daga nan ba ta san komai ba. Ta farka a kan gado lokacin da jirage ke dawowa daga coci, ta ga an wanke daɓe da toka, Inna Brita kuma ta ce mata Eilert ya hau tsauni wajen shanu.

Torjus ya ɗauki rigar jariri ɗaya ya juya ta. Kowane ɗinki an ƙulle bakinsa sau biyu, tsaf, yadda aka koya mata. Keken yana kan wata kanta a jikin bango, an rufe shi da ƙyalle. Ya buɗe. Ba allura a jikinsa. Ya juya mariƙin, wilin ya yi rawa, ya karkace kaɗan, yana warin toka maimakon mai. A bayan ƙofa ga manyan takalman Eilert, an wanke su, da ya zura hannu ya ji an cusa ciyawa a wajen yatsu.

Gunvor tana kallonsa. Ta ce ya gaya mata gaskiya, Anselm ne? Ya ce a'a. Ta rufe ido, ba ta ƙara tambaya ba, sai ya gane akwai tambayar da take tsoro fiye da wannan.

Tsohuwa Brita tana zaune a gefen gawar ɗanta, ba ta ɗinki tare da mata. Shekaru ke nan yatsunta sun lanƙwashe kamar saiwar itace, ba sa iya riƙe allura, ko da yake damatsanta har yanzu na macen da ta yi rayuwarta tana ɗaukar dammunan ciyawa a gangare ne. Ita da Torjus tare suka yi kiwon awaki suna yara. Ta tura masa kofi da bayan hannu.

"Ka tsufa, Torjus. Da can daga ƙofa kake shinshino abu, yanzu sai ka zura hannu a takalmin mutane."

"Hancin ne ya mutu, Brita. Gwiwa ma ta mutu. Ke taki fa, tana durƙusuwa?"

Ta dube shi. Idanunta a bushe suke, sun yi ja. Ta ce tana durƙusuwa in ta kama. Ya ce mata gobe bayan an dawo daga maƙabarta Osmund zai kashe mutumin da bai yi komai ba. Ta ce Osmund baki ne da shi kawai, ba zai iya ba. Torjus ya ce ya ga hannun baƙon, kuma ya ga fuskar Osmund lokacin da yake taka shi. Irin fuskar Eilert ce.

Ta gyara ƙyallen da ke fuskar ɗanta, a hankali, kamar mai gudun kada ya farka.

*

Washegari da safe, kafin a ɗauki gawa, Torjus ya shigo gidan Brekke da Anselm yana riƙe da shi a kafaɗa. Ɗakin ya cika, maza a tsaye jikin bango da baƙaƙen riguna, mata a zaune. Osmund ya yi tsalle zai kama baƙon, Torjus ya ce ya dakata, zai ba shi wanda ya kashe yayansa kafin kofi ya huce.

Ya sauko da keken Gunvor ya ajiye a kan benci. Ya shimfiɗa tsohon lilin ɗin a ƙasa, ya kama bakin zaren da ke reto a wajen ƙafafu da yatsu biyu, ya ja. Ɗinkin ya bi hannunsa yana warwarewa, sur-sur-sur, har ƙarshe, zaren ya taru a tafinsa a lanƙwashe. Ya ce duk macen da Anselm ya koya wa keke ta san wannan, Anselm kuwa ko a mafarki ba zai bar baki a sake ba. Mai son ɓoye gawa a ƙasan teku ƙulli goma zai yi.

Daga nan ya juya wajen Malena ya tambaye ta abin da za a yi da allurar da aka ɗinka sabon likkafanin da ita. Malena ta ce ai kowa ya sani, a ƙirjin mamaci ake soke ta ta bi shi kabari, ba a sake ɗinka wa mai rai da ita. Tana faɗa ta kai hannu bakinta.

"Mun ga allurar keke, sai muka tuna da mai sayar da keke," in ji Torjus. "Ba buhu aka ɗinka wa Eilert ba. Likkafani aka yi masa, yadda ake yi wa namu. An cire masa takalmi, an bar zare ba ƙulli, an ba shi allurarsa, an durƙusa an yi masa addu'a a bakin dutse. Kuma da keken gidan nan aka yi, da dokin gidan nan aka kai shi."

Bai kai ga ƙarasa maganar ba. Osmund ya ji "gidan nan" kawai, ya juya. Taku biyu ya isa wurin Gunvor, ya shaƙe ta da hannu ɗaya ya manna ta da bango, kanta ya bugu da katako. Yana kiranta karuwar birni, yana cewa ita da kwartonta ne. Katakan hannunta suka goce, ta buɗe baki ba sauti. Anselm ya yi kansa, Osmund ya ture shi da gwiwar hannu a karyayyen haƙarƙarin, ya zube yana aman jini. Torjus ya kama wuyan rigar Osmund, maza biyu suka riƙe Torjus. Fuskar Gunvor ta fara baƙi. Osmund ya ja ƙafa baya, daidai cikinta.

Ba wanda ya ga lokacin da tsohuwar ta tashi. Sai dai muka gan ta a bayan ɗanta, ta rungumo keken ƙarfen da damatsanta biyu ta ɗaga shi sama da kanta, wilin da ya karkace yana saitin ƙeyarsa.

"Osmund," ta ce, ba da ƙarfi ba. "A nan yayanka ya tsaya. Haka ya ja ƙafarsa. Na kira shi sau uku bai waiwayo ba. Kai ka waiwayo, ɗana."

Ya waiwayo. Ya ga uwarsa, ya ga abin da ke sama da kansa. Hannunsa ya saki wuyan Gunvor da kansa, ta silale ƙasa tana tari.

"Inna," ya ce, kamar ƙaramin yaro.

"Biyu na haifa. Kada ka sa in binne biyu."

Ta sauke keken a kan benci, ta zauna kusa da shi. Sauran ta faɗe shi tana kallon gawar, ba mu ba. Bugu ɗaya ta yi masa, ya faɗi a kan ƙafafunta, jininsa ya cika mata takalman katako. Ta riƙe kansa har ya daina motsi. Lilin ɗin nata ne, wanda ta saƙa wa kanta tun tana amarya ta ajiye a akwati don ranar mutuwarta. Yatsunta ba sa riƙe allura, amma ta sha zama tana kallon Gunvor, ta ga abin da ake yi: dama na juyawa, hagu na turawa. Ta ji ɗan Suwidin yana cewa a ƙulle, ta ji sarai. Da ta kai ƙarshen ɗinkin ta riƙe zaren ta daɗe.

"Na san in na ƙulla ba zai taso ba har abada, ba mai sani. Amma shi ke nan fa, ba zai taso ba har abada. Mugu ne, na sani, na fi ku sani. Ni na shayar da shi. Ba zan aika shi gaban Ubangiji a ɗaure ba."

Ta juya wajen Anselm, wanda ke kwance a ƙasa Malena na goge masa baki. Ta ce ta yi zaton za su gaji su sake shi, ta yi shiru tana jira, kuma wannan shirun ya fi bugun nauyi a wuyanta. Ba ta nemi gafararsa ba, ta ce ba ta da fuskar nema.

Osmund ya fita. Muka ji shi a bayan gida yana buga kansa da bangon rumbu yana kuka irin na dabba. Wasu maza suka bi shi, wasu suka ɗauki akwatin gawa, ba mai kallon idon wani.

*

Jirgin tururi ya iso ran Asabar. Ɗan sandan gunduma ya hau gangaren da kansa, Torjus na gaba. Tun daga ƙofar shinge suka ji ƙyas-ƙyas, da wata 'yar ƙara a kowane juyi, ta wilin da ya karkace.

Brita da Gunvor ne a bakin tebur. Anselm ya aiko da sabuwar allura daga masauki, inda yake kwance an ɗaure masa ƙirji. Brita tana juya mariƙin da lanƙwasassun yatsunta, Gunvor tana tura yadi da hannun hagu, shatar yatsun Osmund baƙi a wuyanta. Rigar jariri ce, ta ƙarshe da ba a gama ba. Tsohuwar ta riga ta sa baƙin mayafinta na coci, ƙunshin kayanta yana bakin ƙofa.

Ɗan sandan ya cire hula ya tsaya. Brita ta ce ya yi haƙuri, saura kaɗan. Ta ci gaba da juyawa har allura ta kai bakin yadi, ta tsaya. Gunvor tana kuka ba sauti, hawaye na ɗiga kan rigar, ta ce, "Inna, wa zai karɓi jaririn in ya zo?"

"Malena tana nan. Bakinta ne ba kyau, hannunta lafiya lau." Ta zaro zaren ta miƙa mata bakinsa. "Riƙe nan. Sa haƙori, ni yatsuna ba za su iya ba."

Gunvor ta zura zaren cikin madaukin ƙarshe, ta kama da haƙori, ta ja.

"Ƙara," in ji tsohuwar. "Wannan na mai rai ne. Ƙulle shi tam."